Muryar Baba a Gonar Masakuwa

A Mindif, gindin dutsen nan mai kama da haƙori,
bara, da masakuwa ta fid da kai,
muryar Baba Jatau ta dishe wajen korar janbaki.
Ƙanena Sa'adu, mai gyaran waya a kasuwar Marwa,
ya zo da tsohuwar lasifika
da farantin sola, faɗinsa bai kai faifai ba.
Ya ce, "Baba, yi ihu sau ɗaya, ka huta."

Baba ya gyara tsayuwa.
"Haa! Kai! Ku tashi, ɓarayi!"
Tari ya sarƙe shi, muka bushe da dariya.
Wayar ta haɗiye duka, har dariyar.

Aka ɗaure ta a reshen aduwa.
Rana ta ci da ita, ita ta tsare mana tuwo.

Farkon damina Baba ya tafi.
Zazzaɓin kwana uku.

Bana zangarniya ta yi nauyi,
tsuntsu ya taso daga Waza kamar hayaƙi.
Sa'adu ya ce a ɗauki sabuwar murya.
Inna ta ce, "Kul."

Yanzu da hantsi, rana na taɓa farantin
sai Baba ya daka tsawa,
gona ta girgiza, baƙin girgije ya ɗaga.
Wasu tsuntsaye uku sun gano shi, ko gezau.

Inna na zaune a inuwa, tana ɓarar gyaɗa.
Ba tsawar take jira ba.
Tarin take jira,
da mu a bayansa, muna dariya.