Tagwayen Kawu Gado

Da aka zo rabon gadon Kawu Gado a Aboabo,
wani ya ɗau keken ɗinki, wani agogon bango,
ni aka bar mini tagwayen da ke bayan ƙofa:
lasifika biyu, kowace ta kai mini ƙugu,
shekara talatin ba su ce uffan ba.

Na kwance bayan ta fari.
Zanzaro ya yi gini a kan maganaɗisu,
ɓera ta haihu cikin audugar, ta yaye, ta tashi.
Bakin takardar ya ruɓe,
ka taɓa, ya biyo yatsa kamar tokar murhu.
Na ɗora batir kan wayoyi biyu, na riƙe numfashi.
Ƙas!
Takardar ta ɗan motsa.
Ashe doguwar suma ce.

Mako uku ina kai da kawo.
Gam daga Adum,
zoben roba daga wani yaro a Kejetia
da ya rantse shi kaɗai ke da irinsa a Asante.
Dalma na narkewa, hayaƙi na cin ido,
Lantana na tsallake kusoshi da tiren koko,
tana cewa falon nan ya koma Magazin.

Sai jikin akwatin.
Kawu ya taɓa shafe su da baƙin fenti, irin na ƙofar shago.
Na bi a hankali, ina gogewa, ina hurewa,
sai ga ja ya leƙo,
ja mai ratsi-ratsi kamar saƙi,
ka karkata shi, ratsin ya sauya wuri.

Nan gardama ta tashi a bencin ƙofar gida.
Dantani ya ce maɗaci ne, ko makaho ya sani.
Bawa direba ya ce odum,
ya ɗauki odum shekara tara a bayan mota.
Liman ya sa tabarau, ya karanta ɗan ƙarfen baya:
Ingila aka ƙera, to itacen Turawa ne, a bar maganar.

Ban bar ta ba.
Na rungumi guda a turoturo, na biya kuɗin mutum biyu,
har Sokoban, wurin Efo Agbeko,
tsohon kafinta mai yatsu takwas.
Bai tambaye ni komai ba.
Ya lashi babban yatsa, ya shafa,
ya kankari gefe da wuƙa, ya kai hanci,
ya daɗe a haka, ido rufe,
kamar mai jin gaisuwa daga nesa.

Ya ce, sapele.
Ɗan dajin nan ne.
Jirgin ƙasa ya kai shi Takoradi,
na ruwa ya haye da shi,
can suka yanka shi siriri kamar ɓawon albasa,
suka lulluɓe garin katako da shi,
suka buga masa sunansu,
kawunka ya biya kuɗin dawo da shi.
Kada ka ƙara gogewa, ɗana,
saura kaɗan ka huda masa riga.

A hanyar komowa na riƙe shi a cinya.
Kakana goro ya kawo shi garin nan,
har ya mutu ana tambayarsa ina ne gida.
Wannan kuwa ba wanda ya tambaya,
ga shi ɗan ƙasa, da fasfo na wasu.

Na shafa musu mai da tsumma, sau uku, kwana uku.
Ran Asabar bayan la'asar na jona waya,
na ɗora faifan Kawu, wanda gefensa ya ɓantare.
Kakaki ya fito ta dama,
ganga ta amsa ta hagu,
Lantana ta tsaya da ludayi a hannu,
Dantani ya leƙo ta taga yana cewa, ni dai maɗaci.

Ta hagun tana ɗan kakari in sauti ya yi ƙasa.
Na san inda ciwon yake, aikin minti goma ne.
Na bar shi.
Haka Kawu ke gyaran murya
kafin ya ce a rage ƙara, ana kiran salla.