Numfashin Ƙarfe

Asubar Janairu a Ngaundare,
sanyi ya sauko daga kan dutse
ya zauna mana a ƙashi.
Na goya Baffa Ilu a babur
daga Balaji zuwa tasha,
shi rawani har hanci, bargo a kafaɗa,
ni rikoda a aljihu da littafi mai shuɗin bango.

Astajam ta riga mu, tukunyar kununta na huci.
Ta miƙa masa kofi, bai sha ba,
ya dai rungume shi da tafi biyu
yana kallon tururin
kamar wanda ya hango ɗan garinsu a kasuwar baƙi.

Jirgin Yawunde ya makara, halinsa ne.
Na rubuta: bakwai da kwata, shiru.
Takwas saura, taragun shanu shida a layin gefe.
Wani bijimi ya zuro hanci ta tsakanin ƙarafa
yana fesa farin numfashi.
Baffa ya ce, rubuta wannan ma,
ya fi injinku kama da jirgi.

Sai dogo ya fara rawa ƙarƙashin takalmi.
Na danna maɓalli.
Ga shi nan, gunji ɗaya miƙaƙƙe, da warin dizal.
Na kama lambarsa da yatsu masu karkarwa,
na kama kukan birki, ihun 'yan dako,
da wata mata mai buhun rogo
tana rantsuwa da yare uku cewa nata ne.

Na sa masa a kunne abin da na ɗauka.
Ya saurara har ƙarshe, ya miƙo mini.
Ya ce, wannan gunji yake, ba ya numfashi.
Namu na Kafanchan,
kafin fataucin shanu ya jawo ni nan,
da hannunka kake ciyar da shi,
shebur bayan shebur,
bayanka na daskarewa, gabanka na gasuwa.
In ya kama hawa sai ka ji yana haki
kamar tsohuwa ɗauke da tulu,
ka ce masa sannu, ya amsa.

Na ce, Baffa, ina zan same shi in ɗauka?
An ce akwai irinsa a ajiye wani gari,
an shafa masa fenti, yara na hoto a jikinsa.
Ya ce, gawa ma ana yi mata wanka.

Sai ya ajiye kofin a kan benci,
ya zame rawani daga baki,
ya dunƙule hannaye a gefen haƙarƙari.
Cuf.
Cuf.
Da nauyi, kamar taɓaryar farko a turmi,
sannan biyu-biyu, sannan suka haɗe,
gwiwar hannu na zagayawa,
kowane cuf da ɗan farin gajimarensa
yana fita bakin tsoho ya hau iskar safiya.
Hamajoda mai tuta ya tsaya, tuta a hamata.
'Yan dako suka sauke buhu.
Ya wuce Kagoro, ya ce ku kauce ga gada,
ya buɗe maƙogwaro ya yi jiniya
har bijimin nan ya waiwayo.
Tari ya tare shi bai kai Bukuru ba.

Minti huɗu da daƙiƙa goma sha ɗaya.
A littafi, wurin lambar inji,
biro ya daɗe a sama kafin ya sauka:
Ilu, shekara tamanin da uku,
ya taso daga Kafanchan, yana hanya.

Ya ce kunun ya huce, a ɗumama masa.
Astajam ta ƙi karɓar kuɗi.

Da za mu koma ya kifa kai a bayana,
ina jin ƙirjinsa ta cikin bargo
yana ja, yana saki, yana ja.
A hawan unguwarmu na rage gudu,
na ce sannu.
Ya amsa.