Adashen Littafi

Shekara ashirin da bakwai ina buɗe ƙofar nan a Yelwa,
mabuɗi ɗaya, kujera tara, fanka mai tarin tsohuwa.
Gara ta cinye mini tarihi, kanta biyu cur,
damina ta biyo ta kwano ta shanye lissafi.
Abin da ya saura na san shi kamar 'ya'yan cikina:
mai yagaggen bango, da wanda na ɗinke da zaren buhu,
da wanda Nomau ya ara tun bai yi gemu ba,
har yau in mun haɗu a kasuwa sai ya hau taya albasa.

Sai aka kira mu Jega.
Mu biyar, kowa da kukansa a aljihu.
Kakale na Argungu ya ce kasonsa bai taka kara ya karya ba,
Rifkatu ta Zuru ta ce nata ko ƙwan fitila bai saya,
sannan ta bugi tebur: "To mu yi adashe mana!
Kowa ya zuba ɗan abin hannunsa,
mu gina rumbu ɗaya, ba jinka, ba ƙofa,
kowa ya ɗiba yana zaune a garinsu."
Na ce, rumbun da ido bai gani, wa zai kore masa ɓera?
Suka yi dariya.
Na sa hannu, ba don na gane ba.

Yanzu littafi ba ya shiga motar haya,
ba ya kwana a Koko don taya ta fashe.
Yarinya ta ajiye shi a Kamba da la'asar,
kafin magariba yana hannun wani a Ngaski.
Kwana goma sha huɗu, ya tattara kansa ya koma,
ba tara, ba biko,
ba "Malam, wallahi akuya ce."
Hatimina ya bushe a durowa.
Wata rana nakan hura masa numfashi, in danna a bayan hannu,
don dai in ga kwanan wata.

Akwai abin da ya tafi, ba zan ɓoye ba.
Ɗigon man ƙuli a shafi na arba'in,
ganyen dogonyaro da wani ya sa alama ya manta,
rubutun fensir a gefe: "ƙarya ne wannan."
Su ke gaya mini mutum ya ratsa ta nan.
Gilashi kuwa, ka goge da bakin riga,
kamar ba wanda ya taɓa wucewa.

Ran Talata sai ga Hajo 'yar Sarkawa,
mai tuƙa jirgin ubanta tun ƙafa ta kwantar da shi,
da waya mai tsagaggiyar fuska.
Tarwaɗar da take kiwo na juya ciki sama,
tana neman littafin cutar kifi.
Ɗakin nan bai taɓa jin ƙamshin irinsa ba.
Na duba rumbu. Yana nan, amma wani ya riga ta.
Na ce, ke ce ta biyu a layi.
Ta ce, "Layi kuma? Har a cikin iska?"

Kwana biyu tana zuwa gindin tankin ruwa,
inda sabis ke yarda ya sauka.
Alhamis da asuba ya iso, ko sallama babu.
A tsakiyar Kwara ta karanta shi, filafili a cinya,
fasinja na mita, ruwa na jan su gefe.

Cikin ɗari uku, ɗari da tamanin suka rayu.

Jiya ta ajiye mini banda biyu a kan tebur,
nannaɗe cikin takardar siminti.
Na zauna ina kallonsu.
Kuɗin Zuru ke cikin littafin nan, da na Argungu,
nawa bai fi cikin cokali ba.
Kifi kuwa ba ya bin iska.
Na ci ɗaya.
Ɗayan na kai tasha, na ce wa direba:
Rifkatu, ɗakin karatu, kada ka kwana a hanya.