Injin Ban-ruwa

Ustaz Mu'utasim ya kashe fanka,
ya ce mu rufe ido.
Minti goma sha ɗaya, ba ganga, ba garaya,
sai wani zugugu
kamar ƙudan zuma sun tare a randa,
can kuma ɗis, ɗis,
ɗigon abin da ba ruwa ba.
Na gefena har ya fara gyangyaɗi.

Da aka buɗe ido ya ce, me kuka ji?
Na ce, injin ban-ruwan babana
a bakin kogi a Maiwurno,
ranar da bel ɗinsa ya soma sakewa.
Aji ya kwashe da dariya.
Shi ko murmushi bai yi ba.
Ya ce, to, je ki kawo mana shi.

Na hau bas, na bi ta Madani, na bi ta Sinnar,
'yar na'urar naɗar sauti a jaka
tsakanin sabulu da dabino.
Baba ya ce, shekara biyu a Khartum,
abin da suka koya miki ke nan,
ki durƙusa gaban inji kamar mai neman gafara?
Ya dai ja igiya. Sau uku. Ya tashi.

Yanzu ƙarfe biyu na dare a ɗakin kwanan ɗalibai.
An ɗauke wuta, saura kaɗan batir ya mutu.
A fuskar kwamfuta sautin ya kwanta
kunya-kunya, kamar gonar albasa.
Na ja shi, na miƙar da shi
har bugu ɗaya ya kai tsawon numfashi.
Na juya shi ya koma da baya,
ruwa ya bar gona ya koma kogi.

A ƙarƙashin rugugin na tsinci wani abu.
Tari.
Bayan tarin, wani siririn amo ta hanci,
yana hawa, yana sauka,
yana bin bugun injin sau da ƙafa.
Mutumin da ya ce waƙa aikin marasa aiki ce.
Shekara nawa yana yi
ƙarar dizal tana rufa masa asiri?

A darasi an ce mu tace hayaniya
mu bar abin da ake nema.
Na daɗe da yatsa a kan maɓalli.
Ban san wanne ne wanne ba.
Na bar su tare.

Ranar Alhamis na tura masa ta waya,
minti tara cif.
Shiru har bayan la'asar,
sannan muryarsa, iska na kaɗa ta:
Na saurara, Rakiba, har ƙarshe.
Wannan injin yana shan iska ta gefe.
Gobe zan sa Ɗanjuma ya kwance shi.

Ya yi jim.
Ina jin kogi a bayansa.
Ya ce, wancan mai gunaguni a ciki,
waye?