Jar Wayar da Ba Ta Cikin Hoto

A shagon Mannir, bayan Ƙofar Marusa,
na ɗauki hoton cikin wani tsohon rediyo:
tabon dalma, mazaunin batir ya ci tsatsa,
da wata jar waya siririya
da wani mai gyara ya ɗaura tun ban san kaina ba.

Ƙanena ya ce, "Yaya, wannan ai abin kunya ne,
kawo in wanke miki shi."
Bayan isha'i ya zauna gaban kwamfuta,
ya goge tsatsa, ya share tabo.
Jar wayar ma, wai ta ɓata tsari.

Hoto ya fito fes, kamar ango.
Muka zuba shi a rumbun hotunan makarantu
inda kowa ke ɗiba ba mudu.

Ran Talata, a ajina,
Hindatu ta buɗe rediyon,
ta dubi hoto, ta dubi hannunta.
"Malama, wannan ba ta ciki."
Kafin in ce kanzil, almakashi ya ce ƙas.
Mai karanta labaran rana
ya yi shiru a tsakiyar sunan wani gari.

Ban yi mata faɗa ba.
Abin da muka nuna mata ta gaskata.

Yanzu hotuna biyu ne a rumbun.
Ƙarƙashin mai kyan na rubuta: an yi masa kwalliya.
Ɗayan bai buƙaci shaida ba.

Ƙanena har yau yana cewa nasa ya fi.
Ni dai ga ni da ƙarfen dalma,
ina laluben inda jar wayar ta taso.