Tsakuwar Hanyar Tota

Motar madara ce ta kawo ki.
Don Celso na tuƙi, kekenki a baya tsakanin garewani,
ƙafar gaba ta lanƙwashe kamar kunnen kofi.
Kika sauko da kanki, kina cewa ba komai,
wandon tsere ya yage tun daga ƙugu har gwiwa.
Kwalta ta lashe ki ta gefe guda,
can a kwanar da masu albasa ke zubar da ƙasa.

Hular kwano na fara dubawa. Ba ta tsage ba.
Na ce faɗi sunanki, faɗi ranar da muke ciki.
Nidia, kika ce, Laraba, haba Baba.
Na latsa allon kafaɗa, na murza wuyan hannu.
Ƙashi lafiya.
Saura fata.

Na wanke hannuna har sau biyu,
ba don sau ɗaya bai isa ba,
don in sami lokacin da za su daina rawa.
Ruwan ɗumi a buta, farin sabulu, baho a ƙasa.
Uwarki ta ɗora mazarƙwaila a wuta
ta juya mana baya.

Ki ciji tawul.
Ruwan farko ya sauka ja,
na biyu ya sauka da baƙin hanya,
na uku ya nuna mini abin da ya rage:
tsakuwa ƙanana, sun yi zaman dirshan a nama
kamar sun biya haya.

Abin da ruwa ya kasa, ƙyalle mai tsabta ya goge.
Abin da ƙyalle ya kasa, hantsaki ya tsinto.
Ɗaya. Biyu. Ina jefa su a murfin kwalba,
kowace da ɗan ƙaranta.
A ta tara kika zage ni.
A ta goma sha huɗu kika ce yi haƙuri,
na ce ban ji komai ba.

Kin san ɗigon nan masu shuɗi a cinyata,
waɗanda kike ƙirgawa kina ƙarama
kina cewa taurari ne?
Gangaren Sogamoso ne, ina ɗan sha tara.
Kakanki ya kwara mini barasa, na yi ihu har kare ya gudu,
ya ɗaure da tsumma, ya ce iska za ta busar.
Iska ta busar.
Ɓawo ya rufe hanya a ciki,
shekara talatin da ɗaya ina yawo da ita.
Tausayi ne ya hana shi gogewa.
Ni nawa tausayin yau ba shi da kunne.

Ba barasa, ba abin da ke ƙona sabon nama.
Na tsane gefe-gefe, na shafa mai siriri,
na ɗora auduga marar kama ciwo,
na ja ragar bandeji ta riƙe ta.
Ciwon nan da danshi yake warkewa, a rufe,
ba a shanya shi kamar masara.

Gobe zai yi ruwa, kada ki tsorata.
Zanen gado zai so ya zama fatarki,
kwanta ta ɗaya gefen.
Amma in ja ya fara tafiya daga bakin ciwo,
in ya yi zafi, ya yi wari, in zazzaɓi ya leƙo,
asibiti za mu, ko da tsakar dare ne.
Katin allurarki ma da safe a duba.

Hazo ya sauko kan gonakin dankali.
Kina shan ruwan mazarƙwaila, kofin na kaɗawa a haƙoranki,
bargon ulu a kafaɗa mai lafiya.
Na zubar da bahon a gindin bishiya.
Murfin kwalbar kuwa na ajiye bisa taga,
ban san dalili ba.

Na dawo ina jiran ki ce kin bari.
Na ma shirya fuskar da zan yi.
Kika ɗago, ido jawur:
Baba, ƙafar gaban nan,
Hermes zai iya miƙar da ita kafin Lahadi?