Kwalin Suna

Ƙarfe huɗu na yamma, filin jirgin Unguja.
Mu goma sha ne a bayan shingen ƙarfe,
kowa da kwali a ƙirji
kamar masu cigiyar yaro.
Nawa an rubuta masa: Madam Halvorsen.
Ina ta duban masu jar fata da faffaɗar hula,
sai ga wata dattijuwa, baƙa kamar ni,
akwati ɗaya, takalmi sawu-ciki,
ta ɗora yatsa kan kwalin, ta gyaɗa kai.

Na karanta mata haddar da nake yi wa kowa
da Turancina mai ɗingishi:
awa ɗaya da 'yan kai zuwa Jambiani,
in 'yan sanda sun ci sun ƙoshi,
in shanu ba su kira taro a tsakiyar titi ba.
Ba ta dara ba.
Ta nuna na'urar sanyi, na kashe.
Ta sauke gilashi,
iska ta shigo da hayaƙin gawayi da ƙarnin kifi.

Mun bar gari da hayaniyarsa,
motocin haya maƙil, ayaba a sama, kaji a gefe.
A Bungi itatuwan mangwaro suka haɗa kai a samanmu,
duhu mai sanyi, tsawon sallama da amsawa.
A Jozani, inda baƙi kan ce tsaya, tsaya,
don jan biri ya leƙo daga reshe,
ita ko kai ba ta ɗaga ba.
Hannunta kawai na gani ta madubi
yana ƙirga wani abu a kan gwiwa.

Daf da Kitogani ta buɗe baki.
Ba da Turanci ba.
Da harshen kakata, na mutanen gabas,
wanda yaran birni ke yi wa dariya:
"Yaro, ɗan gidan wa?"
Sitiyari ya kusa kuɓuce mini.
Na ce Vuai ne, ɗan Pandu.
"Pandu mai ɗinkin koma?
Har yau babana na bin sa filafilin kwalekwale."
Na ce ya rasu bara waccan.
Ta ce, "To, an yafe."

Daga Paje muka karya dama.
Teku ya janye can nesa kamar mai fushi,
mata sun durƙusa a cikin ragowar ruwa
suna ɗaure ciyawar teku a igiya, turke bayan turke.
Ta ce in sassauta.
Shekara arba'in da ɗaya, in ji ta,
ƙasar da rana ke kwana bakwai ba ta leƙo ba,
amma bayanta bai manta wannan sunkuyon ba.

Ƙofar otal: katanga fara, fure ya zubo,
mai gadi da littafi, yana tambayar lambar ɗaki.
Yarinya ta kawo tawul mai sanyi da ruwan kwakwa,
tana yi mata maraba da zuwa ƙasarmu.
Ta karɓa. Ta gode. Da Turanci.

Can tsakar fili, tsakanin tafkin wanka da teburan cin abinci,
kuka ce tsaye, an naɗe ta da ƙananan fitilu.
Ta daɗe tana kallonta.
"Gindin nan aka binne cibiyata.
Yanzu kwana ɗaya kusa da ita, kuɗin saniya."
Ban san wace kukar zan kalla ba,
sai na duba taya.

Ta biya, ba ta nemi ragi ba.
Sannan ta ce in miƙo kwalin.
Ta juya bayansa, ta ari alƙalamin mai gadi,
ta rubuta a hankali, baƙi bayan baƙi: Mwatima.
"Ran Juma'a, ƙarfe tara, ka zo ka mai da ni.
Wannan gefen za ka ɗaga."

Na koma ni kaɗai, gilashi a sauke,
kwalin na zaune a kujerar gaba.